Attahiru Mai Harshe, Marinin Tsafe

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malam Attahiru Mu'azu, wanda aka fi sani da Mai Harshe, a garin Tsafe cikin damina ta shekarar 1951, daidai da 1370 bayan Hijira. Mahaifinsa shi ne Malam Mu'azu Marini, wanda ya gaji rini daga kakanninsa, mahaifiyarsa kuwa Lantana, 'yar manoma ce daga Wanke. Shi ne ɗa namiji guda da ya rayu a cikin zuri'ar gidan, saboda haka tun yana goye aka san cewa karofin gidansu, wato filin rijiyoyin rini da ke bayan gari, a kansa zai faɗo.

Tarbiyya da Koyon Sana'a

Attahiru ya fara karatun allo a wajen Malam Bashar na unguwarsu, ya kuma ci gaba da shi har ya sauke, amma bai shiga makarantar boko ba. Da an tashi daga karatun safe sai ya gangara karofi, inda ya koyi yadda ake yanko ganyen baba a daka shi, a dunƙula, a shanya ya zama shuni, da yadda ake haɗa shi da ruwa da toka da katsi, wato lakar gindin rijiyar rini da aka ƙona, a cikin rijiya, a riƙa motsawa da muciya har rinin ya nuna.

Sanin nunar rijiya shi ne zuciyar sana'ar. Wasu marina suna duban kumfa, wasu suna shaƙar wari, amma a gidan Malam Mu'azu ɗanɗanawa ake yi. A shekarar 1963 mahaifinsa ya tsoma yatsa a rijiya ya ɗora masa a harshe, ya tambaye shi abin da ya ji. Attahiru ya ce ɗaci. Mahaifin ya ce ɗaci kowane jaki yana jinsa, ya sake ji. Haka suka yi ta yi rani da damina, har ya iya rarrabe rijiyar da ke buƙatar toka, wadda take yin tsami, da wadda toka ta yi mata yawa, mai yankar baki, da kuma wadda ta nuna, mai ɗan zafi a tsinin harshe da wani zaƙi-zaƙi da ke biyo baya can kusa da maƙogwaro. Kafin ya kai shekara ashirin, dattawan karofi kan kira shi ya ɗanɗana musu rijiyar da ta rikice, kuma daga nan laƙabin Mai Harshe ya samo asali. Abokansa sukan zolaye shi da cewa baba biyu gare shi, ɗaya a gida ɗaya a rijiya, shi kuma yakan ce na rijiyar ya fi saurin fushi.

Aure da Zuri'a

A shekarar 1974 ya auri Saude, 'yar Malam Abubakar Sadiƙ na Bungudu, wanda shi ma marini ne kafin tsufa ya sa ya rufe rijiyoyinsa. Ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya ba su Halimatu Sadiya a 1976, da Mahadi a 1979, daga baya kuma Nana Khadija da Hassana da Yazid. Abokin tagwaicin Hassana bai yi kwanakin suna ba ya koma. Hajiya Saude, wadda daga bakinta aka samu mafi yawan abin da ke cikin wannan tarihi, ta ce mijinta mutum ne mai wuyar sha'ani a kan miya, domin yakan gane ko da gishirin jiya aka ƙara wa ta yau.

Ƙaura zuwa Gusau da Zuwan Galura

Malam Mu'azu ya rasu a shekarar 1981. A lokacin kasuwar baƙin rini ta fara ja da baya, domin masaƙan hannu sun ragu, mutane kuma sun koma ga shadda, suna son ja da kore da ruwan goro da sauran launukan da rijiyar baba ba ta bayarwa. Rijiyoyin karofin Tsafe suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ana cike su da shara. A shekarar 1986 Attahiru ya kwashe iyalinsa ya koma Gusau, ya kama fili a bayan kasuwa, ya kafa duro-duro a kan murhu, ya shiga rinin galura.

Galura gari ne da ake haɗawa a masana'antun ƙasashen waje daga sinadarai, ana kawo shi a gwangwani, a dama shi da ruwan zafi da soda. Ɗan kasuwar da ya fara sayar masa da ita, Alhaji Sabiru, ya ga yana juya gwangwanin cikin shakka, sai ya ce masa kada ya damu, ai wannan baban Turawa ne, aikinsu ɗaya, sai dai shi ba ya sa mutum jira. Alhaji Sabiru bai yi nufin yaudara ba, haka shi ma ya ji ana kiranta. Amma wannan suna ya zauna a zuciyar Attahiru. Tunda baba ce, to yadda ake yi wa baba haka zai yi mata. Ya tsoma yatsa a duro ya kai baki.

Sodar ta ƙone masa harshe har ya daɗe ba ya iya cin yaji. Bai ɗauki wannan a matsayin gargaɗi ba, ya ɗauke shi a matsayin halin baƙuwar rijiya da ba a saba da ita ba tukuna. Ya koyi taɓawa da bakin yatsa kawai, ya tofar, kuma a hankali ya gane yadda zafin yake idan haɗin ya daidaita. Rininsa ba ya zuba, launinsa ba ya dusashewa, har teloli daga Magami da Wonaka da Bungudu suka riƙa aiko masa da shadda. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa sai ya koya masa ɗanɗano, kuma yakan ce wa mai jin tsoro ya tafi ya buɗe gidan wanki, domin nan marina ake nema. Hannu tsirara suke tsomawa har gwiwar hannu, su shaƙi tururin tun safe har la'asar. A shekarar 1993 ya ɗora wa ɗansa Mahadi yatsa a harshe kamar yadda aka yi masa, kuma Hajiya Saude ta ce ba ta taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na wannan rana ba. Ya sauke farali a 1999.

Rashin Lafiya

A shekarar 2009 Alhaji Attahiru ya fara ganin jini a fitsarinsa. Bai firgita ba, domin a ƙuruciyarsa kusan duk yaron da ke wanka a kududdufi ya yi tsargiya, har wasu na ɗaukarta alamar girma. Abokin aikinsa Muktar ya yi irin wannan fitsari kafin rasuwarsa a 2007, kuma kowa tsargiya ya ce. Ya sha jiƙe-jiƙe, ya sha ƙwayoyi daga kantin magani, jinin ya ɗauke ya dawo, ya ɗauke ya dawo, har shekara uku. Sai a 2012, da ciwon ya hana shi tsayuwa a bakin duro, 'yarsa Halimatu Sadiya ta matsa aka kai shi asibiti a Gusau, daga nan aka tura shi wani babban asibiti, inda bincike ya nuna ciwon daji ne a mafitsara.

Likitan ya dubi hannuwansa ya tambayi sana'arsa da tsawon shekarun da ya yi a cikinta. Ya bayyana masa cewa galura iri-iri ce, da yawa daga cikinta ana haɗa su ne daga wani sinadari mai suna anilin da danginsa, kuma an daɗe da sanin cewa wasu daga cikin dangin nan suna shiga jiki ta fata da numfashi su taru a mafitsara, cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Ya ce ba zai iya rantsewa cewa wannan ne sanadi ba, amma shi ne abin da ya fi zato. Alhaji Attahiru ya tambaye shi, in ta fata tana shiga, to ta baki fa. Likitan ya ajiye alƙalaminsa ya ce wane ne zai sa galura a baki.

"Ni," in ji Alhaji Attahiru. "Da duk wanda na koya ma aiki. Ai an ce mani baban Turawa ne."

Likitan ya gaya masa cewa maganar tana da asali, domin daga shuni aka fara fitar da anilin tun da can, kafin a koma samo shi daga kwal da man fetur, amma dangantakar ta yi nisa ƙwarai. Halimatu Sadiya, wadda take wurin, ta ce mahaifinta bai tambayi ko zai warke ba. Abin da ya tambaya shi ne, mutumin da ya fara yana ɗan shekara sha huɗu, yanzu yana da talatin da uku, in ya daina yau, ko ya tsira. Likitan ya ce babu mai tabbatar da haka sai Allah, amma kowace shekarar da ya rage riba ce.

Saɓani da Ɗansa

An yi masa aiki, ya samu sauƙi, ya dawo gida a ƙarshen 2012 da abu guda a ransa, wato raba Mahadi da ɗanɗanon galura. A lokacin Mahadi shi ke riƙe da wurin rinin, yana da mata da 'ya'ya, kuma marina suna kiransa Ƙaramin Harshe. Mahaifin ya sayo safar hannu ta roba da sikeli, ya tara ma'aikata ya hana ɗanɗano. Yawancinsu suka karɓa, har da ƙaramin ɗansa Yazid, wanda a lokacin ne ya fara shiga aikin. Marinan maƙwabta suka riƙa leƙowa suna tambaya ko yau wa za a yi wa tiyata. Mahadi ya sa safar don kunyar mahaifinsa, amma a satin farko shaddar wani ango ta fito dabbare-dabbare, kuma mai kayan ya faɗa a gaban jama'a cewa harshen gidan ya mutu. Daga ranar Mahadi ya koma tsoma yatsa idan mahaifin ya juya baya.

Alhaji Attahiru ya gane, domin galura tana barin launi a harshe. Sai ya kafa wata doka wadda har yau iyalinsa ba sa son tunawa da ita: kafin Mahadi ya sa hannu a akushin da suke ci tare, sai ya fito da harshe an duba. Magidanci mai gemu ya riƙa buɗe baki a zaure kamar yaron da ake zargi da satar zuma. Wata rana a 2014, a gaban baƙi, harshen ya fito da kore, mahaifin ya janye akushin.

"Baba, wa ya sa mani yatsa a baki?" in ji Mahadi.

"Ni ne. Ni kuma nike cewa ka bari."

"Da ka sa mani, cewa ka yi wanda bai ɗanɗana ba mai wanki ne. Yanzu so kake in zama mai wanki da furfurata ta fara fita? Sikeli bai san ruwan yau ya bambanta da na jiya ba. Ka cire mani harshe, ka makantar da ni."

"Gara makaho da ke raye."

"To kai ne ka ga lahira, ko likita?"

Mahadi ya tashi bai ci ba, kuma cikin watan ya kama haya a wata unguwa. Yakan zo gaisuwa ranar Juma'a, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya amsa tambaya da baki a tsuke. Haka aka zauna kusan shekara biyu, kuma a cikin wannan lokaci an ga Alhaji Attahiru ya rame fiye da yadda ciwon ya ramar da shi.

Komawa ga Baba

Hajiya Saude ce ta kawo mafita, ko da yake ta ce ita ba dabara ta shirya ba, gajiya ta yi da kai abinci gida biyu. A 2016 ta gaya wa mijinta cewa tun da aka fara rigimar nan hani kawai yake yi, alhali yaron ba galurar yake so ba, sunan yake so, kuma sunan a harshe yake. Ta tuna masa da rijiyoyin mahaifinta da ke Bungudu a cikin gadonta, waɗanda aka rufe da ƙasa, da 'yar gonar da ke gefensu. Komawa karofin Tsafe ba ta yiwu ba, domin an yi gine-gine a kansa, hanyoyin ƙauyukan da ake samo baba kuma babu tsaro.

A daminar wannan shekara aka shuka baba a Bungudu, aka fara da tone rijiya guda aka gyara ta. Alhaji Attahiru ya aika wa Mahadi cewa zai tayar da rijiyar kakanni, yana neman mai motsa masa muciya. Mahadi ya zo, domin rabonsa da ganin rijiyar baba tana aiki tun yana ƙaramin yaro a Tsafe. Da aka haɗa, lokacin dubawa ya yi, tsohon ya tsoma yatsa ya kai baki, ya sake, ya sake. Sannan ya zauna a bakin rijiyar ya ce ba ya jin komai. Shekarun soda sun cinye harshen da aka san shi da shi. Hajiya Saude ta ce ita ta riga ta sani, domin an daɗe rabon da ya yi ƙorafi a kan miya, amma ba ta taɓa faɗa ba.

Ya ce wa Mahadi ya ɗanɗana ya gaya masa. Mahadi ya ɗanɗana ya ce ɗaci.

"Ɗaci kowane jaki shina jinsa. Mi ke bayansa?"

"Babu komai bayansa, Baba."

"Akwai. Harshenka ne ya yi kanta. Galura ihu take yi, baba kuwa raɗa yake yi, ba ka jinsa sai bakinka ya huce."

Rijiyar farko ta mutu a hannunsu, ta yi wari aka kwashe. Ta biyu ma, a 2017, ta mutu. Labari ya kai Gusau, marina suka ce Babban Harshe da Ƙaramin Harshe sun haɗu sun kasa abin da tsofaffi ke yi suna gyangyaɗi. Wannan magana ta yi wa Mahadi ciwo fiye da janye akushi. Ba tare da ya sanar da kowa ba, ya bar wa Yazid duro da sikeli, ya daina kusantar galura, har yaji da goro ya bari, don bakinsa ya warke. Mahaifinsa ya lura, kuma bai sake neman a nuna masa harshe ba.

Daga nan aikin ya zama na mutum biyu da harshe ɗaya. Tsohon yana zaune a inuwa a kan tabarma yana bayyana ɗanɗanon da ya rabu da shi, yana kwatanta shi da tsamiyar da ba ta nuna ba, da ruwan kanwa, da bakin rake kusa da saiwa, ɗan kuma yana ɗanɗanawa yana faɗin abin da ya samu, su yi gardama, a ƙara toka ko a ƙara shuni. A watan Nuwamba na 2018, da hantsi, Mahadi ya ɗanɗana rijiya ta uku ya tsaya, ya ce akwai ɗan zafi a tsini, kuma wani abu kamar zaƙi yana tahowa daga baya. Alhaji Attahiru ya sa ya maimaita, sannan ya ce a kawo farin ƙyalle. Aka tsoma, ya fito kore, iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonsu. Tsohon ya ce, "To, ka zama marini." Mahadi ya ce ai ya ɗauka ya zama tun 1993. Mahaifin ya ce wancan kuskuren malami ne.

Shekarun Ƙarshe da Wafati

Rinin baba bai mayar da gidan masu arziki ba. Galurar Gusau, a hannun Yazid da safarsa da sikelinsa, ita ta ci gaba da ɗaukar nauyin iyali, rijiyoyin Bungudu kuwa suna samun masu neman rawani da baƙin zane na tsofaffi da 'yan kasuwar da ke kai su nesa. Mahadi ya komo gidan mahaifinsa, ya kuma yarda yana zuwa gwajin fitsari duk shekara, kuma har zuwa rubuta wannan tarihi ba a ga komai ba, ko da yake likitoci sun ce a ci gaba da dubawa. Wasu daga cikin tsofaffin almajiran sana'ar Alhaji Attahiru sun bar ɗanɗano saboda maganarsa, wasu ba su bari ba, kuma ya riƙa aika musu da saƙo har ƙarfinsa ya ƙare.

Ciwon ya dawo a farkon 2021, likitoci suka ce ya bazu. A ranar da ta gabaci rasuwarsa, Mahadi ya dawo daga Bungudu da la'asar ya same shi a kwance, idonsa a kansa, ba ya iya doguwar magana. Babu wanda ya umarce shi, ya durƙusa kusa da fuskar mahaifinsa ya fito da harshe. Tsohon ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Kai, mayar da abinka, ka girma."

Alhaji Attahiru Mai Harshe ya rasu washegari, ranar Laraba da hantsi, cikin watan Safar na 1443, daidai da Satumbar 2021, yana da shekara saba'in. An yi masa sallah bayan azahar a ƙofar gidansa da ke Gusau, aka binne shi a maƙabartar unguwar, marinan Gusau da na Bungudu da tsofaffin abokansa na Tsafe suna cikin masu ɗaukar makara. Ya bar matarsa Hajiya Saude, da 'ya'ya biyar: Halimatu Sadiya, matar aure a Gusau, Nana Khadija, a Wanke, Hassana, malamar makaranta a Tsafe, Yazid, wanda ke rini da sikeli kuma bai taɓa sanin ɗanɗanon duro ba, da Mahadi, marini a Bungudu, wanda yanzu ake kira Mai Harshe ba tare da an ce ƙarami ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya kuma tsare bakin da ya bari.